Surukin da Aka Kira Zuwa Kudu

An ɗaura auren Ammon Treharne da Bodil Skovgaard a ɗakin taro na garin Alder Creek, a yankin Utah, cikin watan Nuwamba na shekarar 1867. Bishop Thurgood ne ya ɗaura. Ango yana da shekara ashirin da huɗu, kuma shi aka naɗa shugaban iyalan da ikilisiya ta kira su je su kafa sabon gari a hamadar kudu. Amarya tana da shekara ashirin. Mahaifinta, Mads Skovgaard, shi ya fi kowa ƙin wannan aure, kuma shi ya share masa hanya da bakinsa.

Sun fara haɗuwa ne a farkon shekarar, lokacin da ƙanƙarar kan duwatsu ta soma narkewa. Ammon ne ke jagorantar haƙa sabuwar hanyar ruwa daga rafi zuwa lambunan gabashin gari. Yana awon gangara yadda kowa ke yi a nan: a ɗora kwano cike da ruwa a kan dogon katako, a ga inda ruwan ya karkata. Ran nan wani sa ya taka masa kwanon. Sai ya nufi gida mafi kusa, ya tarar da wata doguwar yarinya a ƙofa, hannunta duk garin alkama.

"Sannu da aiki, 'yar'uwa. Aron kwano na zo."

"Wane iri?"

"Mai faɗi, wanda bai lanƙwashe ba."

"Guda ɗaya ne irinsa a gidan nan, kuma ƙullun burodi ne a ciki."

"Zan jira."

Ta dube shi daga hula har takalmi. "Wato gari guda zai zauna ba ruwa sai burodina ya tashi?"

"In dai burodin ya yi daɗi, ba wanda zai kai ƙara."

Ta juye ƙullun a akushi, ta wanke kwanon, amma ba ta miƙa masa ba. Ta ce ita za ta riƙe abinta har bakin aikin, domin ta ji labarin mutanen Wales irinsa: in suka ari abu sai su rera masa waƙa, su manta da mai shi. Ya ce shi kuma ya ji labarin mutanen Denmark irinta, sukan ba da aron komai in ban da murmushi. Ba ta yi murmushin ba sai da suka kai rabin hanya.

Sabuwar hanyar ruwan ta bi ta gefen gonar Ammon kafin ta gangara lambun Skovgaard. Duk ranar da layin ruwa ya zo kan gidansu, Bodil ce ke ban ruwa, saboda gwiwar mahaifinta ta daɗe tana damunsa. Ammon ya lura da haka. Sai ya riƙa samun guntun katako, ya zana magana a kai da ƙusa, ya saka a ruwa. Na farko ya iso ya maƙale a jikin kunyar kabeji.

"Mai Burodi, ruwa ya iso? In ya iso, ni na turo miki."

Ruwa ba ya komawa sama, don haka amsarta sai ranar Lahadi a ƙofar ɗakin taro.

"Allah ne ya turo ruwa, Ɗan'uwa Treharne. Kai rami kawai ka tona."

"Amma kin karanta."

"Ya toshe mini hanya ne. Dole na ɗauke."

Wani katakon ya zo bayan wannan: "Mai Burodi, akwai rawa ranar Juma'a. Na ware kabewa biyu a matsayin kuɗin shiga, ɗaya tawa, ɗaya taki. Taki ta fi girma."

Ta je. Sun yi rawa sau biyu, wanda ya isa a fara magana a gari. Lemuel Ashcroft, ɗan mai injin niƙa, wanda ya biya nasa kuɗin shiga da kwanon farin gari, ya tsaya jikin bango yana kallonsu. Ya riga ya faɗa wa Mads tun bara cewa yana son 'yarsa, Mads kuma ya ji daɗi.

A tsakiyar lokacin zafi Bodil ta kwanta zazzaɓi na kwana kaɗan, Mads ya fita ban ruwa da kansa. Shi ya tsinci katako na gaba. Turancinsa ba mai yawa ba ne, amma ya isa ya karanta wannan:

"Mai Burodi, ranar Lahadi kin ɓata baiti na biyu a waƙa. Tun ranar haka nake rera shi, naki ya fi daɗi."

Ya shiga gida ya ajiye katakon a kan tebur.

"Wannan kifin, daga ina?"

"Baba..."

"Guda nawa kika kama?"

Ya zauna, ya miƙe ƙafar da ke ciwo.

"Yaron ba shi da laifi. Amma me ya mallaka? Shanu biyu da shebur. Ɗakinsa rami ne a jikin tudu. Lemuel yana da gidan tubali mai daɓen katako. Kuma ba a taɓa kiran mai niƙa zuwa wani wuri ba, gari ba ya zama sai da shi. Irin su Ammon kuwa, duk inda aka ce ana neman mai haƙa, su ake fara tunawa."

"In aka kira shi ai aikin Ubangiji ne, Baba. Kai ka koya mini haka."

"Na koya miki. Ban ce ki aure shi ba."

Kowa a gari ya san dalilinsa. Shekara goma kafin nan, Mads ya jawo kurar hannu daga bakin kogin Missouri zuwa wannan kwari, da matarsa Ane Kirstine da Bodil tana 'yar shekara goma. Matar ba ta iso ba. An binne ta a gefen hanya, a ramin da bai yi zurfin da ya kamata ba, ayari ya ci gaba. Tun da ya gina gidansa ya ce 'yarsa ta gama tafiya a duniya.

Da kaka ta yi, saƙo ya zo daga manyan ikilisiya a birnin Salt Lake cewa Alder Creek ta ba da wasu iyalai don kafa gari a kudu, inda ake son a gwada noman auduga. Waɗanda suka taɓa zuwa can sun ce jan yashi ne da zafi, kogin kuma yakan cinye duk madatsar da aka yi masa. Bishop Thurgood ya nemi shawarar dattawa a kan sunayen da zai aika. Mads, wanda bai cika magana a irin wannan zama ba, ya je har gonar bishop ya same shi yana tonon dankali.

"Bishop, ina da suna."

"Naka, Ɗan'uwa Mads? Da wannan gwiwar?"

"Ammon Treharne."

Bishop ya jingina da fartanyarsa. "Me ka sani game da shi?"

Mads ya yi magana mai tsawo. Ya ce bai taɓa ganin saurayi mai riƙon amana irinsa ba. Ya ce lokacin da ruwa ya yi ƙaranci, Ammon ya bar wa wata gwauruwa layinsa na ruwa, masararsa ta bushe, bai faɗa wa kowa ba. Ya ce yana iya sa masu faɗa a kan ruwa su rabu suna dariya. Ya ce da shi ne mai zaɓe, ba tafiya kawai zai sa shi ba, shi zai ba shugabancin.

"Ban san kana ƙaunarsa haka ba," in ji bishop.

"Gaskiya ce kawai," in ji Mads.

Ranar Lahadin da amsa ta dawo, ɗakin taro ya cika. Bishop ya tashi ya karanta sunayen waɗanda aka kira, babu wanda aka sanar da shi kafin nan, kamar yadda aka saba. Sunan Ammon ne na farko, da bayanin cewa shi ne shugaba. Aka ce duk mai goyon baya ya ɗaga hannun dama. Hannun Mads ya riga na kowa tashi. Bodil ta ɗaga nata a hankali, tana kallon ƙasa.

Kafin a sauke hannuwa bishop ya ce akwai ƙari. Manya sun ba da umarni cewa wannan karon ba a son gwauro a cikin ayari. Duk saurayin da aka kira ya nemi mata kafin kekunan shanu su tashi, domin gida ake so a kafa a can, ba zango ba.

Waɗanda ke zaune kusa da Mads sun ce hannunsa ya daɗe a sama bayan kowa ya sauke.

Daga ranar katako ya daina zuwa. Bodil ta yi ban ruwa na ƙarshe a shekarar, ta duba kowace kunya, babu komai sai ganyen da iska ta kaɗo. A ɗakin taro Ammon yakan gaishe ta da kai ya wuce. Lemuel ya kawo musu buhun gari da kansa, ya tsaya a ƙofa.

"'Yar'uwa Bodil, kin ji mutuminku yana yawan zuwa gidan Pugh? 'Yan mata uku ne a can, duk masu ƙashi. Ya yi dabara. Kudu ba wurin mai laushin hannu ba ne."

"Wa ya ce maka hannuna da laushi?"

"Ni ina so ya yi laushin. Gidana yana nan, ba ƙafa gare shi ba."

"Na gode da garin. A gaida Baba Ashcroft."

Ta rufe ƙofa. Bayan ta gama aikin gida ta yafa mayafinta ta bi gefen hanyar ruwa zuwa sama. Ta tarar da Ammon a ƙarƙashin keken shanu yana shafa wa gatarin ƙafa kitse.

"Wace ce a cikin ukun?"

Ya leƙo. "Wane uku?"

"'Ya'yan Pugh."

Ya fito yana goge hannu a wandonsa. "Keken nan na mahaifinsu ne. Sayensa nake, da aikin kwana nake biya. Wa ya faɗa miki?"

"Ba ruwanka. To in ba su ba, wa?"

"Ba kowa. Na je wurin bishop na roƙa a bar ni in tafi ni kaɗai. Ya ce ba shi ya kafa dokar ba."

"Kai kaɗai."

"Bodil, na san inda aka bar mahaifiyarki. Ba zan zo gidanku in ce ki sake hawa hanya ba. Can babu gida, babu inuwa, ruwan ma jar laka ce. Ba ni da bakin da zan roƙe ki."

"Shi ne ka yanke mini hukunci a ƙarƙashin keke, ba ka tambaye ni ba?"

"Don ina sonki ne."

"Yau ka fara faɗa da baki. Da sai a katako." Ta zauna a kan gungumen da ke kusa. "Ka saurara, Mai Rami. Ni na ja kurar nan tare da Baba bayan Mama ta rasu. Na fi ka sanin hanya. Ina tsoronta, ba zan ɓoye maka ba. Amma na gwada zama a gidan Lemuel a cikin raina, na ga kowace safiya zan fita in duba ruwa ko an turo wani abu. Gara in bi mai turowar."

Ammon ya cire hularsa.

"Mai Burodi, za ki aure ni?"

"Ka wanke hannu tukuna, sannan ka je ka tambayi Baba."

Mads ya ce a'a tun Ammon bai gama zama ba. Ya ce yaro ne, bai da komai, bai isa riƙe mace ba. Da magana ta ƙi ƙarewa, bishop ya kira su ukun zuwa gidansa da hantsi, ya sa matarsa ta kawo musu madara, ya rufe ƙofa.

"Ɗan'uwa Mads, ka ce yaron nan bai isa riƙe gida ba."

"Haka na ce."

"Amma a gonata ka ce ya isa riƙe gari. Da maganarka na aika Salt Lake, kusan kalma da kalma. Da ita aka ba shi shugabanci."

Bodil ta juyo. "Baba, kai ka kai sunansa?"

Mads bai dube ta ba. "Ban san za a ce su yi aure ba."

"So ka yi ya tafi."

"So na yi ki zauna."

Ammon ya buɗe baki, bishop ya ɗaga masa hannu.

"Ga yadda abin yake," in ji bishop. "In abin da ka faɗa mini ba gaskiya ba ne, ka faɗa yanzu. Zan aika a ce an ruɗe ni, a cire sunansa. Zai zauna a Alder Creek. Ko sun yi aure ko ba su yi ba, 'yarka ba za ta hau hanya ba. Sai dai duk yankin nan za a san an kira shi, aka duba, aka ga bai cancanta ba, kuma ba za a sake ba shi amanar ko garken tumaki ba. In kuwa gaskiya ka faɗa, kiran yana nan, ni kuma ban ga dalilin da zai sa ka hana 'yarka mutumin da ka ce babu kamarsa ba. Zaɓi naka ne. Ba zan tilasta ka ba."

Kalma ɗaya ta ishi Mads ya riƙe 'yarsa kusa da shi har ƙarshen ransa, kuma duk su huɗun sun san haka.

"Baba," in ji Bodil, "in ka ce ƙarya ce, ba zan ƙaryata ka a gaban mutane ba. Zan zauna, in ci gaba da yi maka burodi. Amma ni da kai za mu riƙa zama a tebur ɗaya muna sane."

Mads ya juya kofin madarar a hannunsa. Ya dubi Ammon, karo na farko tun shigowarsu.

"Masarar da ta bushe, ka ɗauka ba wanda ya gani?"

"Na ɗauka haka, Ɗan'uwa Skovgaard."

"Na gani. Da ban gani ba da yau na huta." Ya ajiye kofin. "Bishop, niyyata ba ta da kyau. Wannan tsakanina da Ubangiji ne. Amma ban ƙara ko kalma ɗaya a kan yaron nan ba. Yadda na faɗa haka yake."

"To?"

"To ya ɗauke ta. Amma ba a keken Pugh ba, ƙafarsa ta baya ruɓaɓɓiya ce. Ya zo ya ɗauki nawa."

Bodil ta tashi ta durƙusa gefen kujerarsa ta kama hannunsa. Ya ce ta tashi, daɓen bishop da sanyi.

An yi bikin da abin da gari ya samu. Mata suka haɗu suka ɗinka musu bargo, aka tara musu irin shuka, da tulun maɗi, da kaji biyu a akurki. Lemuel Ashcroft bai zo ɗaurin aure ba, amma ya aiko da buhun gari, wanda mutane suka ce ya yi abin kirki. Mutanen Wales sun yi waƙa har sai da bishop ya tuna musu akwai abinci.

Bayan an ɗaura, Mads ya sa aka kawo kujera tsakiyar ɗaki, Bodil ta zauna, ya ɗora hannuwansa biyu a kanta ya sa mata albarkar uba. Ya fara da Turanci, ya koma harshen Denmark a tsakiya. Waɗanda suka ji harshen sun ce ya roƙa mata ƙafa mai ƙarfi, da ruwa mai daɗi, da 'ya'ya masu jin magana fiye da uwarsu, da tsufa a cikin gida mai rufi. Da ya gama ya kira Ammon, ya ɗora masa hannu shi ma, ya kira shi ɗana. Ɗaki ya amsa da amin.

A bakin ƙofa Ammon ya sunkuya ya ce wa amaryarsa, "Matar shugaba, kin shirya?"

"Shugaban jan yashi," in ji ta. "Ka tabbata ka ɗaure akurkin kajin da kyau."

Ayarin ya tashi a makon da ya biyo, kafin dusar ƙanƙara ta rufe mashigin dutse. Mads ya raka su a ƙafa har ƙarshen gonaki, yana ɗingishi a gefen keken da ya zama nasu, yana yi wa Ammon faɗa a kan yadda yake riƙe shanu.

Kafin tashinsu Mads ya sake zuwa wurin bishop, ya roƙa a ƙara sunansa cikin waɗanda aka kira, ya ce ko da gwiwa ɗaya yana iya gadin madatsa. Bishop ya ce ba shi da ikon wannan, amma ya aika da roƙon Salt Lake. Ba a faɗa wa ayarin shekara nawa za su yi a kudu ba. Mads bai sayar da gidansa ba, bai kuma shuka alkamar hunturu ba. Har yanzu amsa ba ta zo ba.